Dilimi: kogin da ke tasowa a Jos ya ƙare a Tafkin Chadi

Mai wucewa ta kan gada a cikin garin Jos a watan Fabrairu, in ya leƙa ƙasa, ɗan siririn ruwa zai gani yana lallaɓawa tsakanin duwatsu da ledoji, wanda ko yaro zai tsallake. Da yawa daga cikinmu iyakar sanin da muka yi wa Dilimi ke nan, kuma a kan wannan sanin ake yanka fili, a sa harsashin gini, a zubar da shara. Alhali Dilimi kogin dutse ne, shi kuwa kogin dutse ba a auna shi da rani. Faɗin kwarin nan da kake gani a bushe, daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi ne ainihin girmansa. Ruwan marka ne ya haƙa shi, kuma duk shekarar da ya samu hali zai cika shi.

Sai an san tudun kafin a san kogin. Garin Jos yana kan tsayin kusan mita 1,200 daga saman teku. Duwatsun Shere da ke gabas da gari, tazarar kilomita 10 ko kusa da haka, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Ƙasashen da ke kewaye duk suna can ƙasa, garin Bauchi ma wajen mita 600 yake. Tudun Jos dai ƙwarya ce a kife, duk abin da aka zuba a kanta sai ya gangara, kowane ruwa da fuskar da ya nufa. Na yamma, irin su Ngell da Karami, suna shiga kogin Kaduna, su bi ta madatsar Shiroro, su faɗa kogin Neja. Na kudu, irin su Mada da Shemankar da Wase, Binuwai suke nufa kai tsaye. Na gabas, Lere da Maijuju, su ke ciyar da Gongola, wanda ke bi ta Dadin Kowa da Kiri ya haɗu da Binuwai a Numan. Duk waɗannan ƙarshensu teku. Dilimi ne da 'yan uwansa na arewa suka juya wa teku baya suka nufi Tafkin Chadi. Ruwan da ya sauka a yammacin Bukuru da wanda ya sauka a Unguwar Rogo, gajimare ɗaya ne ya zubo su, amma har abada ba za su sake haɗuwa ba.

Ruwan saman kansa tudun ne ke jawo shi. Iskar damina tana tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin teku, in ta ci karo da bangon tudun sai ta hau, in ta hau ta yi sanyi, sai ta sauke kayanta. Shi ya sa Jos ke samun kusan milimita 1,400 a shekara, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba, Yuli da Agusta su suka fi nauyi. Can ƙasar Bade da Nguru, inda wannan ruwan zai je, abin da suke samu daga sama bai kai rabin haka ba.

Dilimi ba shi da ido guda da za a nuna a ce ga mafarinsa. Ƙoramu ne barkatai ke gangarowa daga duwatsun Shere da tuddan da ke kudu da gari, suna haɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kafin a fita Jos ta arewa sun zama kogi. Abu biyu ne ke sa waɗannan ƙoramu zafin rai. Na farko gangare. Daga saman Shere zuwa tsakiyar gari, saukar ta kai mita 600 a cikin kilomita 10 ɗin nan, wato kusan mita 60 a kowace kilomita. Na biyu ƙasar. Yawancin duwatsun nan baƙin dutse ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa, ƙasar da ke kansa kuma ba ta da kauri, a wasu wuraren fa ne tsirara. Ruwan da zai nutse a ƙasar jigawa ya ɗauki makonni kafin ya ɓullo a rafi, a nan cikin mintoci yake isa kwari.

Ga lissafin a sauƙaƙe, don a ga girman abin. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a yammaci ɗaya na watan Agusta, zai zubo da lita 5,000. Fili mai murabba'in kilomita 1 kuwa lita miliyan 50 zai karɓa, nauyin tan 50,000. In fili ne mai ciyawa da itatuwa, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ne kawai ke gudu nan take, sauran ƙasa ta riƙe ta riƙa saki sannu a hankali. In kwano ne da kwalta da daɓen siminti, kashi 80 zuwa 90 ke gudu, kuma duk a lokaci guda. Kowace sabuwar unguwa da ta hau gindin duwatsu ta ƙara wa Dilimi kaya ke nan, ko da ruwan saman bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba. Mutanen da ke can ƙasa, a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da 'Yan Shanu, su ke karɓar wannan ƙarin, ba tare da an shawarce su ba.

Abin da ya faru a watan Yulin 2012 kowa a garin nan ya san shi. An tafka ruwa, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo kwari ya afka wa unguwanni, mutum fiye da 30 suka rasu, gidaje wajen 200 suka nutse ko suka rushe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin lura a nan, madatsar da ta riga ta cika ba ta tare komai. A farkon damina tana iya shanye ruwan kwana ɗaya ko biyu, amma da ta kai baki, duk abin da ya shigo ta sama shi zai fita ta ƙasa. Wanda ke zaune a ƙarƙashin madatsa yana ganin kamar yana da garkuwa, daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta ba shi da ita.

Alamomin tahowar ruwa ba ɓoyayyu ba ne. Hadari ya yi baƙi a kan Shere, ko da a cikin gari rana ake yi. Ruwan rafi ya sauya launi ya koma ja ko ruwan ƙasa. Ya fara kawo ɗanyen ganye da kara da robobi. Sai kuma wata ƙara mai nauyi daga sama, wadda duwatsu ne ke gungurowa a ƙarƙashin ruwa suna karo da juna. Duk wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan, mai wanki ne ko mai ɗiban yashi ko yaro mai kamun kifi, ya fita daga kwari ya hau gaɓa, kada ya tsaya tattara kaya. Kuma a daina auna haɗari da zurfi kaɗai. In gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turawarsa ninki huɗu yake yi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Mai babur da ya ce ai iyakarsa gwiwa, ya riga ya shiga abin da ya fi ƙarfinsa. Ga kuma abin da ba ya gani: ƙarƙashin jan ruwan nan wataƙila kwalbatin ya riga ya zube.

Kwalbati shi ne inda ambaliyar cikin gari ta fi farawa. An yi shi daidai wani adadin ruwa, to in leda da buhu da tsohuwar katifa suka toshe rabinsa, ruwa zai taru a bayansa ya haura titi ya shiga gidaje. In kuma toshiyar ta ɓalle, abin da ya taru zai sauka a kan na ƙasa gaba ɗaya. Lokacin yashe lambatu da kwalbati shi ne Maris da farkon Afrilu, kafin ruwan farko. Abin da aka kwaso kuma a ɗauke shi daga wurin. Tara shi a bakin lambatu aikin banza ne, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Mai son sayen fili kusa da rafi, kada ya je gani da rani ya biya. Ya je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba zai iya jira ba, kwarin da kansa yana ba da shaida: a duba ledoji da ciyayin da suka maƙale a rassan itatuwa, da layin laka a jikin katangu da ƙafafun gada, da inda sabon yashi ya kwanta a kan ciyawa. Mafi tsayin waɗannan alamu shi ne inda ruwa ya kai a 'yan shekarun nan, ba inda zai iya kaiwa ba. Sai a tambayi dattawan unguwar inda ya tsaya a 2012, a ɗauki wannan a matsayin iyaka, a ƙara ja da baya. A kuma lura da kwana. Duk inda kogi ya yi kwana, gaɓar waje ita ruwa ke duka, can ne yake da zurfi da gudu, yana cin gindinta har ta rufta. Gaɓar ciki kuwa yashi yake tarawa. Filin gaɓar waje yakan fi kyan gani don ya fi tudu, amma shi ne ke raguwa kowace damina.

Masu gida a bakin rafi sukan yi katangar bulo don kare kansu, kuma yawancinta ba ta wuce damina biyu ko uku. Dalilan faɗuwarta sanannu ne. Harsashin bai sauka ƙasa da gadon kogi ba, sai ruwa ya rarake ƙarƙashinsa. Ko kuma ba a bar ƙofofin tsiyaya ba, ƙasar da ke bayan katangar ta jiƙe ta yi nauyi ta tura ta cikin rafi, sau da yawa bayan ruwan ya janye. Maganin wannan shi ne a sa guntayen bututu masu faɗin inci 2 ko 3 su ratsa katangar, tazarar mita 1 zuwa 1.5 tsakaninsu, a zuba tsakuwa a bayansu don kada laka ta toshe su. Ni a ganina kwandon waya da aka cika da duwatsu ya fi bulo dacewa da irin kogin nan, domin ruwa na ratsa shi, in ƙasa ta zauna kuma lanƙwasawa yake yi ba karyewa ba, ga dutse a Jos ba a nemansa. A samansa a dasa jema a jere, tazarar santimita 10 zuwa 15, saiwarta na sauka can ƙasa ta ɗaure gaɓar. Abin da bai kamata ba shi ne a tura katanga cikin kwari don a ƙara faɗin tsakar gida. Matse kogi ƙara masa gudu ne, kuma maƙwabcin da ke tsallake shi zai biya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ɗiban yashi ma yana da ƙa'ida. Ramin da aka haƙa a gadon kogi ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan da ke faɗawa cikinsa yana cin leɓensa na sama, ramin ya riƙa tafiya baya yana hawa kogi, in ya iso gada ya tone ƙafafunta. Yashin da ya taru a gaɓar ciki ta kwana, nesa da gada, shi ne wanda ɗibansa bai da illa sosai, muddin ba a sauka ƙasa da matsayin ruwan rani ba.

Ba za a yi maganar gadon Dilimi ba a tsallake kuza, don ita ta mayar da shi yadda yake a yau. Kuzar tana cikin duwatsun nan ne, ruwa da rana suka farfasa su tsawon zamani, ƙoramu suka kwaso. Nauyinta ya ninka na yashi fiye da sau biyu da rabi, saboda haka da ruwa ya ɗan rage gudu ita ke fara zama: bayan manyan duwatsu, cikin tsagar fa, a ƙasan tsakuwar kwana. Wannan nauyin ne kuma masu wanki ke amfani da shi, a kaɗa ƙasa cikin ruwa, yashi ya tafi, baƙin gari ya rage a ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Ririwai. A farkon shekarun 1900 Turawan kamfanin Neja suka biyo sawunta har yashin Dilimi a wajen Tilden Fulani, daga nan suka hauro Naraguta, garin Jos kuma ya bunƙasa a kan wannan haƙa. Don a samar wa ma'adinan lantarki ne aka ɗaure ruwan da ke faɗowa daga bakin tudun, a Kwall da Kurra, kuma kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 daga nan ya samo asali. Shekaru da dama ana wanke ƙasa ana sakin laka cikin rafuka, ana karkatar da hanyoyin ruwa, ana tara tsibin ƙasa. Shi ya sa a wurare da yawa gaɓar rafi ba asalin ƙasa ba ce, tarin ƙasar haƙa ce marar riƙo, wadda ke zubewa da ta jiƙe. Kududdufan da aka bari kuwa, ɗaruruwansu, bakinsu a tsaye yake ba gangare ba, ruwansu sanyi ƙarara, taku biyu daga gefe ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Suna da amfani ga masu lambu, amma ba wurin wankan yara ba ne.

Da rani kogin na masu lambu ne. Daga Farin Gada zuwa Naraguta da gaba, kabeji ne da karas da latas da tumatir da koren wake a gaɓa biyu, kuma rigimar da ake yi daga Fabrairu zuwa ruwan farko ɗaya ce: ruwa bai isa ba, na sama ya tare. Kafin a yi musu, gara a auna, kuma awon ba ya bukatar komai sai igiyar awo da sanda da agogon waya da lemo guda. A sami wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10 inda ruwa ke tafiya ba tare da juyi ba. A auna faɗinsa. A auna zurfi da sanda a wurare biyar daga gaɓa zuwa gaɓa, a haɗa a raba biyar. A jefa lemon a tsakiya, ɗan sama da inda awon ya fara, a ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya cinye mita 10 ɗin, a maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Lemo ya fi kara ko leda don yawancin jikinsa a nutse yake, iska ba ta kora shi. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, saboda haka a ninka abin da aka samu da 0.8.

A ce faɗi mita 4 ne, matsakaicin zurfi santimita 25, lemo kuma ya yi daƙiƙa 20. Faɗi sau zurfi ya ba da murabba'in mita 1. Gudu rabin mita ne a daƙiƙa, in aka ninka da 0.8 ya koma 0.4. Ruwan da ke wucewa ke nan lita 400 a kowace daƙiƙa. Injin ban ruwa mai bakin inci 3, in yana kan ganiyarsa, yana jan kusan lita 1,000 a minti, wato lita 16 ko 17 a daƙiƙa. Inji 25 in suka tashi lokaci guda sun shanye rafin ƙaf, na 26 sai laka. Amma kadada guda, wato hekta mai murabba'in mita 10,000, ta kayan lambu abin da take sha a yinin rani milimita 4 zuwa 5 ne, lita 40,000 zuwa 50,000. Ko an ninka wannan biyu saboda abin da ke ɓacewa a kwalbatin ƙasa da tsiyaya, aikin da bai kai awa biyu ba ne ga inji ɗaya. Matsalar sau da yawa ba ƙarancin ruwa ba ce, kowa ne ke tada inji da sanyin safiya a lokaci ɗaya. In masu lambun yanki suka zauna da sarkin noma suka raba awoyi, wasu asuba, wasu hantsi, wasu la'asar, ruwan da ya gaza wa mutum 25 zai ishi ninkinsu da yawa.

Akwai wani abu game da inji da ya shafi Jos musamman. Ba injin ne ke tsotso ruwa da ƙarfinsa ba, nauyin iska ne ke tura ruwan cikin tiyo. A bakin teku iyakar abin da iska ke iya ɗagawa mita 10 ne da 'yan kai, a tsayin Jos kuwa bai kai mita 9 cikakku ba, kuma a aikace ana rasa wasu mitoci a gogayyar tiyo da mahaɗai. Ga shi injin fetur yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsayi, a nan ya haura kashi 10 ke nan. Injin da ya yi aiki lafiya a fadamar Haɗeja zai iya yin kasala a Naraguta ba tare da ya lalace ba. A sauko da shi kusa da ruwa, kada tsayin tsotso ya wuce mita 5 ko 6, a gajarta tiyon tsotso a tsawaita na turawa. A sa rariya a bakin tiyo, a ɗaga ta daga ƙasa a kan dutse ko cikin kwando, domin yashin dutse yana cinye farfelar inji cikin rani ɗaya. In inji na kuka ba ya kawo ruwa, a fara duba mahaɗin tiyo, iska ce ke shiga. Kuma kada a bar shi ya kwana a kwari daga watan Afrilu.

Sai maganar da ba a son yi. Ruwan da ya ratsa tsakiyar gari da rani, rabonsa mai yawa daga lambatu ya fito, kuma latas da kabeji da karas ɗanyu ake cin su. Abin da ke hannun manomi shi ne ya bi da ruwan ta kwari tsakanin kunya maimakon watsa shi a kan ganye, ya dakatar da ban ruwa kwana biyu zuwa uku kafin ɗiba, kuma kada ya wanke kayan da zai kai kasuwa a cikin rafin. Inda gaɓa ke da yashi, ƙaramar rijiya 'yan mitoci daga bakin ruwa ta fi jan ruwa kai tsaye, don yashi na tace kaso mai yawa na ƙazantar. Ba ta zama ruwan sha ba dai.

Da kogin ya bar Naraguta sai ya gangara ƙasar Toro a jihar Bauchi, yana tattara rafuka, ya fita daga duwatsu ya shiga fili. A wajajen Ningi ana kiransa Bunga, gaba kuma Jama'are, sunan garin da yake wucewa ta gefensa, inda hanyar Kano zuwa Azare ta haye shi. A ƙasar Katagum halinsa ya riga ya sauya. Gudun ya mutu, tsakuwa ta zauna tun can baya, yashi da laka ne suka rage, gadonsa ya yi faɗi, da rani yashi ne fetal amma in ka tona kamu kaɗan ka tarar da ruwa. Lakar da ke cin gaɓa a Jos ita ce takin fadamun can. Ya ratsa dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwa ke bazuwa ya rarrabu, kaso mai yawa ya nutse ko rana ta shanye. Kusa da Gashuwa ya haɗu da kogin Haɗeja, daga nan sunansa Yobe, ko Komadugu a bakin Barebari.

Daga Gashuwa zuwa tafki ya fi kilomita 250 ko a miƙe, amma saukar ba ta kai mita 70 ba, tunda tafkin yana wajen mita 280. Ƙasa da santimita 30 ke nan a kowace kilomita, a kogin da ya fara da mita 60. Wannan ne ya sa cikar da ke wuce Jos cikin awoyi a Agusta, sai Satumba zuwa Oktoba take kai ƙololuwa a Gashuwa, a Diffa ta Jamhuriyar Nijar kuwa sai Oktoba ko Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. Shinkafar fadama da kamun kifin Bade da tattasan Diffa da makiyayar rani duk a kan wannan jinkirin suka dogara.

A nan ne muhimmancin reshenmu ya fito. Ɓangaren Haɗeja an ɗaure shi: madatsar Tiga tun 1974, ta Challawa tun 1992. Ruwansa ya koma sakin hannu, cikar damina ta ragu, ɗan ruwan da ke tafiya duk shekara kuma ya ba kachalla damar toshe hanyoyi a dausayin. Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu ke kawo cikar damina yadda Allah Ya yi ta. Madatsar Kafin Zaki da aka fara a kansa tun zamanin Shagari aka dakatar, har yau ba a kammala ta ba, kuma muhawarar tana nan: Bauchi na son ta don noman rani, Yobe da Borno na tsoron abin da zai rage musu. Ra'ayina shi ne duk ranar da za a gina ta, a fara rubuta adadin ruwan da dole a saki a watannin cika kafin a zuba buhun siminti ɗaya, kuma a yarje wa mutanen ƙasa su riƙa duba awon da idonsu.

Bayan Gaidam kogin yana karɓar Komadugu Gana kusa da Damasak, wanda shi ma daga ƙasar Bauchi ya taso ta Misau, a wannan sashe kuma shi ne iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar har ya shiga tafki a wajen Bosso da Malam Fatori. Kashi 90 cikin 100 ko fiye na ruwan kogunan da ke shiga Tafkin Chadi daga Shari da Logone yake zuwa ta kudu, rabon Yobe kaɗan ne ƙwarai. Sai dai shi kaɗai ne kogin da ke zuba kai tsaye a ɓangaren arewa na tafkin, ɓangaren da ya fi saurin ƙafewa, kuma a watannin bazara shi kansa yankewa yake yi ya koma tafkuna a jere cikin gadonsa har sabon ruwa ya iso.